Gawar da ta Yi Numfashi

Da hantsi darakta ya faɗo ofishin 'yan sanda ba ko hula.

"Ranka ya daɗe, an sace min faifan fim ɗina! Shi kaɗai gare ni, gobe kuma za a haska."

Sufeto ya bi shi ɗakin tace fim, wani kurtun shago da ba ya cin mutum uku. Ba a fasa kwaɗo ba. Ga kyamara a kan tebur, ɓarawon ko kallonta bai yi ba. Tagar kuwa baƙi ƙirin, fentin bai gama bushewa ba.

"Fim ɗin 'yan daba ne, duhu yake so," in ji darakta. "Ba mu da kayan aiki, sai fenti. Jiya na shafa shi."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da kawuna. Shi ya fito a gawa."

Sufeto ya nufi gidan rediyo wurin mai sharhin finafinai da ya riga ya ga fim ɗin, mutumin da harshensa ya fi reza.

"Shekaranjiya aka nuna mana," in ji shi. "Na yaba, duk da talaucin aikin. Cewa kawai na yi ban taɓa ganin gawa mai lafiyar wannan ba, ciki na hawa yana sauka. Masu bugo waya suka yi ta dariya."

Sufeto da darakta suka tarar da Kawu yana zaune a ƙofar gida, ya yi zuru-zuru.

"Rabona da ɗakin nan tun ranar ɗaukar fim," ya ce.

"To, Baba, wannan baƙin fentin na hannun rigarka fa? Jiya aka shafa shi," in ji Sufeto.

Tsohon ya dubi hannun rigar, idonsa ya kawo ruwa.

"Tun ina saurayi nake bin 'yan fim su sa ni. Da aka sa ni, kwanciya kawai aka ce in yi, ita ma na kasa. Jikokina suna makaranta, 'Jikan gawa' ake kiransu."

"Ina faifan?"

"Na farfasa shi. Yana kwata."

Darakta ya dafe bango.

"Kawu! Ai jiya da rana na yanke wurin gawar nan daga fim ɗin. Saboda kai na yanke shi."

Da kansa Kawu ya miƙa wa Sufeto hannuwansa, aka wuce da shi mota.