Saurayin da Ba Ya Fita Aiki

Ranar da Auta ta fara ganin fuskarsa, shi bai ma san ana kallonsa ba.

Wata huɗu ke nan suna aji ɗaya, ajin digiri na biyu da ake yi ta intanet, mutum arba'in kowa daga ɗakinsa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana dawowa daga asibiti take buɗe kwamfuta tun kafin ta cire takalmi. Shi kuwa muryarsa kawai ta sani, wata murya mai nutsuwa da ke yawan cewa, "Malam, a ɗan koma baya."

Ran nan sai ga kyamararsa ta buɗe. Ya ɗora kwamfutar kan teburin guga, ya matso da fuska yana duba haƙoransa kamar a madubi, sannan ya zaro mataji ya shiga gyaran gemu. Malam na ta bayani, aji na ta ƙunshe dariya.

Tausayi ya kama ta, ta tura masa saƙo shi kaɗai: "Bawan Allah, kyamararka a buɗe take. Gemun ya yi kyau haka, bar shi ya huta."

Nan take allon ya yi baƙi. Sai bayan an tashi ya amsa: "Kin rufa mini asiri, Allah Ya rufa naki. Mutum nawa suka gani?"

"Har da Malam."

"To ni dai na gama karatu daga yau."

Bai gama ba. Aikin rukuni ya haɗa su, hirar darasi ta koma ta gaisuwa, gaisuwa ta koma "kin ci abinci?" Ta ajiye lambarsa da sunan Mai Gemu, shi kuma yana ce mata Likitata, ko da ta sha gaya masa ita ba likita ba ce.

"Wanda kika warkar shi ya san matsayinki," in ji shi.

Da magana ta yi nisa, Auta ta faɗa wa Mama, Mama ta kai wa Baba. Baba kafinta ne, shekara talatin yana buɗe shagonsa kafin rana ta yi zafi.

"Ina kuka haɗu?"

"A aji, Baba."

"Ajin cikin waya? To ina yake aiki?"

"Daga gida yake yi. Yana kula da bayanan wani kamfanin jigilar kaya ta kwamfuta."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Namijin da ba ya fita da safe, ba ya dawowa da yamma, zaman kashe wando ne aikinsa. Kada in ƙara ji."

Ana cikin haka sai ɗan abokin Baba, mai shagon kayan gini, wanda ya daɗe yana zarya Auta ba ta kula shi, ya zo da wayarsa a hannu yana wani jimami na ƙarya. Ya nuna musu wani shafi. Hoton Mai Gemu ne sak, amma da wani suna, ga kalaman soyayya da yake zuba wa mata iri-iri. Wata ma ta fito ta rubuta cewa ya yaudare ta.

Auta ta shiga ɗaki ta rubuta wa Mai Gemu: "Ashe mu da yawa ne. Na ga shafinka. Allah Ya isa tsakanina da kai." Ta toshe lambarsa.

Kwana biyar ba ta shiga aji ba. A asibiti tana ɗaura wa maras lafiya ƙarin ruwa, nata idon na neman kawo nasa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu in waya ta yi ƙara, sunansa take fatan gani.

Ran Asabar da hantsi ta kai wa Baba abinci shago, sai ta tarar da Mai Gemu a tsugune cikin garin katako, jakar kwamfuta a bayansa. Ya rame. Yayanta na tsaye ya harɗe hannu.

"Baba, ban zo musu ba," Mai Gemu ke cewa. "Hotona aka sace, na kai ƙara har sau uku ba a rufe shafin ba. Ga wayata, ga kwamfutata, a riƙe. Yaya ya rubuta wa mai shafin yanzu, ni kuma ina nan gabanku."

Baba ya karɓi wayar ya jefa aljihu, ya ɗora gwiwar hannu a kan kwamfutar. Yaya ya karɓi wayar Auta ya rubuta: "Sannu kyakkyawa, na ga hotonka."

Mai Gemu ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa inda kowa zai gani.

Ƙit! Saƙo ya shigo. Yaya ya karanta da ƙarfi: "Sannu tauraruwa, tun jiya nake mafarkinki. Turo mini hotonki."

Yaya ya shafa sanƙonsa ya ce, "Baba, ka ji wai ni ce tauraruwa."

Dariya ta ƙwace wa Baba har da tari. Auta kuwa zama ta yi a kan wata kujerar da ba a gama haɗawa ba, ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba. Ji ta yi kamar an sauke mata buhun siminti daga ƙirji.

Baba ya gyara murya. "Wannan ta wuce. Saura aikin naka da ba a fita."

"Ƙarfe goma sha ɗaya muna da taro, Baba. In ka yarda in yi shi a nan."

Sha ɗaya ta riga ta gota. Yana buɗe kwamfutar a kan bencin aiki, sai ga fuskar wata dattijuwa mai tabarau, shugabarsa, ta rufe shi da faɗa: minti goma ana jiransa, motoci bakwai na tsaye a ma'ajiya don bai saki takardunsu ba. Gumi ya karyo masa, yana ta ba da haƙuri, yatsunsa na gudu a kan madannai.

Baba ya kalli wannan, ya kalli wancan. Da aka gama ya gyaɗa kai.

"Wanda ake yi wa faɗa a kan latti, lallai yana da aiki. Ka turo manyanka."

Kafin ta ƙarasa gida ta buɗe lambarsa. "Ka yafe mini. Na yanke hukunci ban saurare ka ba."

"Likitata, kwana biyar ina jinya ba mai duba ni. Kada ki ƙara tafiya hutu."

"Na janye Allah Ya isa."

"To mayar mini da Allah Ya bar mu tare."

Ta mayar masa har sau uku.

Bayan sun gama jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure. 'Yan ajinsu goma sha biyu suka yi tattaki suka zo, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, suna ta gane juna da murya suna shewa. Baba da hannunsa ya ƙera musu teburin karatu mai faɗi, da kujeru biyu, ya kafa shi kusa da taga.

Da zai bar gidan, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi angon.

"Tunda kai kullum kana gida, ba ka da uzurin da za ka ba ni in na ji ta yi kuka."

"In sha Allahu ba za ka ji ba, Baba."

Baba ya ɗora hannu a kan Auta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

"Amin, Baba," suka ce tare.