Ɓarawon da Ya Gyara Firinta

Wani ya shiga ofishin masu awon fili lokacin hutun cin abincin rana, ya ɗauke babbar na'urar awo. Manaja ya ce Sakatariya ce, don ita ke riƙe da makulli. Ya nemi a tafi da ita kafin a tashi aiki.

Sufeton 'yan sanda da aka kira bai zauna ba. Ya leƙa kabad ɗin da aka buɗe, ya dawo, ya sake komawa.

"Ina kike ƙarfe ɗaya?" ya tambayi Sakatariya.

"Ina kan kujerata, yallaɓai."

"Kina kan kujerarki aka wuce da kaya ta gabanki?"

Ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya. Ta fita kai wa ɗanta magani makaranta, kuma ta bar ƙofa a buɗe. Tsoron kora ya sa ta yi ƙarya.

Sufeto ya ɗaga kai ya ga kyamara, kabad ɗin kaɗai take kallo. Aka kira Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofishin.

"Ba ta ɗauki komai ba, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "An tsayar da manhajarta."

"Yi mini da Hausa."

"Akwai ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage, ba a ganinsu a allo. Wata tana adana hoton kyamara, wata tana kula da firinta, wata tana daidaita agogo. Kowacce ana iya tsayar da ita ko a tashe ta. Kullum da safe nake duba su ɗaya bayan ɗaya."

Sufeto ya juya zai fita, sai ƙafarsa ta taka takardu. Tuli guda a ƙasa, gaban firinta. Ya ɗauki ɗaya. Wasiƙa ce ta wata uku da suka wuce.

"Wa ya buga waɗannan?"

"Ita ta buga kayanta," in ji Sakatariya. "Wata uku ke nan da ta mutu. Injiniya ya ce sai an sayi sabuwa. Da na dawo na tarar tana ta aman takardu."

Sufeto ya dubi Injiniya. "Kullum da safe, ko?"

Injiniya ya share gumi.

"Buɗe mini inda kwamfutar ke rubuta abin da aka yi mata."

Ya buɗe. Ɗaya da minti goma, an tsayar da manhajar kyamara. Ɗaya da ashirin da huɗu, an tashe ta. Ɗaya da ashirin da shida, an tashi manhajar firinta, an kuma saita ta ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta.

Sufeto ya kai bakin taga ya dawo. Ɓarawo da kaya a hannu, ƙofa a buɗe, ya tsaya minti biyu yana gyaran firintar mutane. Wannan ba aikin Sakatariya ba ne. Injiniya kuwa, da ya iya da tuni ya yi.

"Da sunan wa aka shiga?"

"Wani tsohon suna ne. Ban ma san yana nan ba."

"Wa ya haɗa kwamfutocin nan tun farko?"

Manaja ya ce, "Baffana, ƙanen mahaifina. Bara na sallame shi. Ya tsufa."

A bayan gidan tsohon Sufeto da Manaja suka same shi, cikin ɗan ɗakin gyara, yana goge wani allo da tsumma. Na'urar awon tana kan tebur. Ko rufe ta bai yi ba.

"Sannu, Baba," in ji Sufeto. "Firinta ta gode."

Tsohon bai yi dariya ba. "Tana bugawa?"

"Har ƙasa ta cika."

"Dannawa ɗaya ce. Na buɗe jerin don in kashe kyamara, na gan ta a kwance. Wata uku. Na kasa wucewa." Ya dubi Manaja. "Irin Injiniyan da ka ɗauka a madadina ke nan."

"Kai ka ɗauke na'urar?" in ji Sufeto.

"Ni ne. Ni da yayana muka kafa wurin nan da ita. Yanzu ɗansa zai sayar da kamfanin ga baƙi, har da ita a ciki."

"Kuma ka bari a kama baiwar Allah?"

Nan ne fuskar tsohon ta motsa. "Ban san ya laƙa mata ba. Ku sake ta. Ba ta san komai ba."

Sufeto ya buga waya ofis ya ce a bar Sakatariya ta tafi gida. Ya fito da ankwa, ya jujjuya ta a hannu, ya mayar aljihu. Ya kama hannun rigar tsohon kawai.

Manaja ya tare ƙofa. 

"Baffa, kada mu kai haka. Ka ce ka yi kuskure, ka ba ni haƙuri gaban Sufeto, in janye ƙara yanzu."

Tsohon ya ɗauki hularsa ya sa. Ya kashe kwamfutarsa, ya jira har fitilarta ta mutu.

"Mu tafi, Sufeto," in ji shi. "Ba zan ba shi haƙuri ba."