Mai Taswira da 'Yar Makulli

Ranar da makullin wani ofishi ya karye a cikin kwaɗo, wani saurayi ma'aikacin ofishin aka aika shagon yankan makulli da ke ƙasan benen. Mai shagon ba ya nan, 'yarsa ce ke tsaye gaban injin, ta ɗaure gyalenta baya kada ya shiga ƙarfe.

"Wane aiki kuke yi a sama ne? Kullum ku shige, ba a jin motsinku," ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

Ya yi mata bayani yana in-ina. Mutane in sun je gidan abinci ko shago, sukan sa a shafinsu na sada zumunta cewa ga su a wuri kaza. Kamfaninsu na tattara waɗannan alamomi dubu-dubu, kwamfuta ta duba, ta ce wanda ya je can yau, gobe nan zai nufa. Masu shaguna kuma su san wa za su aika wa talla.

"Ashe boka ne da kwamfuta," ta ce tana dariya. "To, Mai Taswira, ga makullinka."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata 'Yar Makulli. Kafin wata ya zagayo, ya yanka wa ofishin makullan da ba wanda ya nema.

"'Yar Makullina, na wuce ta ƙofar shago ban gan ki ba, sai na ji ranar ta yi tsawo," ya rubuta mata.

"Ina ciki ina leƙenka. Kunya ce ta hana ni fitowa," ta amsa.

Akwai abokin aikinsa, Dogo, shi ma yana sonta. Dogo bai tsaya neman zance ba. Ya buɗe bayananta a kwamfutar ofis, ya san inda take zuwa da lokacin da take zuwa. Ta je wajen tela, ga Dogo. Ta kai ƙanwarta asibiti, ga Dogo a bakin ƙofa yana murmushi. Ta dawo gida a tsorace, ta faɗa wa babanta.

Baba ya ajiye guduma. "Duk 'yan benen nan ɗaya ne, har da shi Mai Taswira. Ina sayar wa mutane kwaɗo don su rufe abinsu, sannan in ba da 'yata ga wanda ba a iya rufe masa komai? Ba da ni ba."

Ta tura wa Mai Taswira saƙo: "Kai ka nuna wa Dogo inda nake zuwa?"

"Wallahi ban taɓa buɗe sunanki ba, kuma ba zan buɗe ba."

Ba ta amsa ba. Washegari wayarta a kashe, shagon kuma Baba ne kaɗai a ciki. Kwanaki suka yi ta tafiya, Mai Taswira ya daina cin abin kirki.

Dogo ya jawo kujera kusa da shi. "Kai fa sakarai ne. Danna maɓalli ɗaya, kwamfuta za ta gaya maka gidan da take. Ko in danna maka?"

Mai Taswira ya daɗe yana kallon allon. Ya san gaskiya ne, wuraren da ta saba zuwa ba su da yawa. Sai ya kashe kwamfutar, ya je ya gaya wa shugabarsu abin da Dogo ke yi da bayanan mutane, sannan ya sauka ƙasa wajen Baba.

"Baba, ina wuni. Don Allah tana lafiya? Ba sai ka faɗa mini inda take ba."

Baba ya ci gaba da goge bakin wani makulli. "Ba kai ne ka san inda kowa yake ba? Injin naku ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ba ta ba ni izini ba ne."

Baba ya hura ƙurar ƙarfen, ya ɗaga makullin yana duba haƙoransa.

"Tana gidan goggonta, tana yi wa goggon jinyar ƙafa. Ba zan ba ka kwatance ba. Zauna, in na rufe shago mu tafi tare."

Da suka isa, ita ce ta buɗe ƙofa. Ta ga babanta, ta ga wanda ke bayansa, ta ruga ciki ta ɓuya bayan labule.

"Fito mana!" Goggo ta ce daga kan gado. "Tun da kika zo kin cika mini kunne da shi, yanzu kuma labule ya zama mijinki?"

An sallami Dogo daga aiki. Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Baba da kansa ya sa musu kwaɗo a ƙofar sabon ɗakinsu, ya gwada shi, sannan ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Kai kuma, in ta yi fushi, kada ka zo mini shago. Na yi nawa."

Amarya ta rufe fuska tana dariya, ango ya ce amin da ƙarfi har maƙwabta suka taya shi.