'Yar Kasuwa Ta Uku

Zakiyya tana cikin zuba man kaɗe a robobi ta ji an jefo wani abu kan teburinta. Littafi ne mai kauri, mai baƙin bango.

Ta ɗago kai. Anti Sharifa ce, yayar saurayinta Mujahid, tsaye a ƙofar shagon. A bayanta mota na kunne, wata budurwa a gidan gaba tana danna waya.

"Sannu da zuwa, Anti. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba, karatu na kawo miki." Ta ɗan yi murmushi. "Au, na manta... Turanci ne."

Zakiyya ta goge hannunta a tsumma, ba gaggawa. Ta leƙa shagon da ke jikin nata.

"Esta, zo ki ara min ido."

Esta ɗaliba ce a jami'ar da ke Gidan Kwano, in ba lacca takan zauna wa mamanta a shago. Ta shigo tana kallon baƙuwar sama da ƙasa.

"Wannan shi ne binciken da ƙanena ya kammala digirinsa na biyu da shi a Ingila, fannin kasuwanci," in ji Sharifa. "Ni ya turo wa in buga in kai wa Baba. Buɗe inda na lanƙwasa."

Esta ta buɗe, ta karanta a zuci, sannan ta juya da Hausa a hankali.

"Ya ce... 'Yar Kasuwa ta Uku. Mace, shekara ashirin da uku, tana sayar da man kaɗe a Minna. Firamare kawai ta yi."

"Koma shafin godiya."

"Ya gode wa Allah. Ya gode wa iyayensa, Alhaji Sanda da Hajiya. Malamansa. Anti Sharifa. Abokin ɗakinsa Kambai. Har da matar da ke buɗe musu ɗakin karatu."

"Sai wa?"

Esta ta rufe littafin.

"Kin ji ko?" Sharifa ta gyara mayafi. "Lamba ce ke a wurinsa. Shi da hannunsa ya rubuta iyakar karatunki, ya kai wa Turawa. Ga Hafiza can a mota, da digirinta, da aikinta a banki. Na riga na ce wa Baba a dakata da maganar sa rana har ya dawo."

Zakiyya ta ɗora hannu a kan littafin.

"Na ji, Anti. Ki bar min littafin."

"Ki yi me da shi?"

"Ai labarina ne a ciki."

Sai da motar ta sha kwana, ta ɓace cikin keke napep na unguwarsu ta Barkin Sale, sannan ta zauna.

Shekara guda ke nan da tafiyar Mujahid. Duk Asabar bayan La'asar sai ya kira. Yakan ba ta labarin sanyi, da tuwon da yake tuƙawa yana guda-guda, da kantin da yake jera kaya a ƙarshen mako. Daga nan sai tambayoyi. Yaya kike gane mai mai kyau? Me ya sa matan Gwari na hanyar Bida suke ajiye miki nasu ko da wani ya ƙara musu farashi?

Ita kuwa ta dinga zuba. Yadda take shafa man a bayan hannu ta shinshina, ta gane ko a rana aka busar da ƙwarar kaɗen ko a hayaƙi. Yadda ba ta aika kowa ƙauye, da ƙafarta take zuwa, ta zauna a gindin turmi, ta san sunan 'ya'yan kowace mace. Ranar da ya ce, "Zakina, kin yarda in sa ki a aikina?" har rufe fuska ta yi da mayafi don daɗi, tana hango sunanta a takardar Turawa.

"Abeg, kar ki yi kuka," in ji Esta tana buɗe shafuka. "Wannan lamba doka ne, mu ma haka muke yi a makaranta, ba a sa sunan wanda aka yi hira da shi. Kuma duba, shafi goma sha huɗu duka ke ne."

"Shafin godiya ma doka ce?"

Esta ta sosa kai. "Wannan kam... a'a."

Ba ta jira Asabar ba. Tana idar da Azahar ta kira shi.

"Zakina, yau ke da kanki? Lafiya dai?"

"'Yar Kasuwa ta Uku ce ke magana."

Tana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Wa ya nuna miki?"

"Anti Sharifa. A ƙofar shagona aka karanta ni."

"Wallahi dokar makaranta ce, masoyiyata. Kwamiti ba ya karɓar aiki in da sunan..."

"Esta ta gaya min, na yarda. Firamare kuma gaskiya ce, ban taɓa ɓoye ta ba. Shafin godiya nake tambaya."

Ya sauke numfashi. "Baba zai karanta, Zakiyya. Kawunaina ma. Ta yaya zan rubuta sunan budurwata a takardar da mahaifina zai riƙe? Kin san ko a baki ban taɓa kiran sunanki a gabansa ba."

"Na sani. Ka ji kunyarsa, ka kyauta. Ni kuma aka zo da wata a mota aka nuna min."

"Wace wata?"

"Ka tambayi yayarka. An dakatar da sa rana."

"Zakiyya, ki saurare ni..."

"Shekara guda ina saurare, yau kai za ka ji. Ban ce ka sake buga littafi ba. Amma ba zan shiga gidan da ake ganin kana ɓoye ni ba. In ka dawo, ka san abin yi. Kafin nan kar ka kira."

Ta kashe wayar. Ta yi kukanta na minti biyar a bayan labule, ta wanke fuska, ta koma kan robobinta.

Sati uku bai ji muryarta ba. Saƙonni suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Innarta ta ce ko a mayar musu da kayansu tun da mutunci.

"A bari ya sauka, Inna. In ya yi shiru, ni da kaina zan ɗaure kayan."

Wata Talata da hantsi, tana tsaka da ciniki, tsohuwar motar Alhaji Sanda ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji ya fito da sandarsa. Mujahid na biye da shi, ya rame, ya yi haske, yana rungume da kwanoni biyu.

Zakiyya ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Tashi." Ya zauna a benci. "Shekaranjiya wannan ya sauka. Ko kaya bai kwance ba ya zaunar da ni, ya karanta min shafi goma sha huɗu da Hausa. Shekara arba'in ina kasuwa, kakana ma ciniki ya kawo shi garin nan tun zamanin jirgin ƙasa, ban yarda da abin da ke takarda sai na gani. Ga mai kwano biyu."

Mujahid ya ajiye su. Ba ta kalle shi ba. Ta lakaci na farko ta shafa a bayan hannu, ta shinshina. Ta yi wa na biyu haka.

"Wannan na rana ne, Baba, amma an bar ƙwarar ta kwana a jiƙe. Wannan kuwa hayaƙi ne, kuma an sirka shi da man gyaɗa."

Alhaji ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Ni na sirka shi da hannuna yau da asuba."

Ya juya ga ɗansa. "To, mai digiri biyu. Ka ce kana da magana, kuma sai a nan za ka faɗa. Ga mu."

Masu sayen mai suka juyo. Esta ta leƙo. Mujahid ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sai ya ɗago.

"Baba, 'Yar Kasuwa ta Uku... Zakiyya ce. Zakiyya Abdulmumini." Ya gyara tsayuwa. "Duk abin da malamaina suka yaba a aikin nan, daga bakinta na ji. Na yi kuskure da ban gode mata ba. Ita nake so, ba wata ba, kuma ina roƙon a sa rana."

"Kai, ka ji yaron zamani, a gabana." Alhaji ya kawar da fuska, amma gemunsa na motsi. "Ka haye teku ka je ka karanto abin da ke Barkin Sale. Sharifa kuma ni da ita ne." Ya dubi Zakiyya. "'Yata, ki gaya wa Innarki, Juma'a kawunansa na tafe daga unguwar Ketaren Gwari. In kin amince."

Zakiyya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Na amince, Baba."

Alhaji ya koma mota ya bar su. Mujahid ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Zakina... kin huce?"

"Saura kaɗan."

"Me zan yi ya ƙarasa?"

Ta dubi matan da ke tsaye da robobinsu, ta miƙa masa ludayi.

"Layi ya taru saboda kai. Wanke hannu ka zuba, kuma kar ka rage wa kowa."

Ya naɗe hannun riga yana dariya. Sati shida bayan nan aka ɗaura aurensu.