Faifan da Baba Ya Hana a Saka

"An ɗora masa allura!"

Rupert, mai neman auren Hazel, ne ya faɗa, yana karkata ƙaramin faifan a ƙarƙashin fitila da hannunsa mai farar safa, sai ka ce likitan da ya gano cuta.

Hazel ta ji tiren shayin da ke hannunta ya yi mata nauyi.

Mahaifinta, Mista Ramsden, ya cire tabarau ya sake mayarwa. Duk birnin Sheffield babu mai tarin ƙananan faifan garmaho irin nasa, na ƙungiyoyin matasan da suka yi waƙa ɗaya a farkon shekarun tamanin suka watse. Alfaharinsa kuwa ɗaya ne, allurar garmaho ba ta taɓa hawa ko guda ba. Wannan da ke hannun Rupert shi ne ransa. Ɗari biyu aka buga, ambaliya ta cinye duka sai ƙalilan.

"Wa ya taɓa shi?" in ji Mista Ramsden.

"Wa kuwa, Baba, in ba direban bas ɗin nan ba?" Rupert ya taɓe baki. "Mutumin da ke kama faifai da hannun da ya gama cin soyayyen kifi!"

Rupert ya fara ce masa Baba ne tun ranar da ya ƙyalla ido ya ga tarin. Hazel ta san ba ita yake nema ba, kantocin faifan nan yake so ya aura.

Declan, direban bas ɗin kuma saurayin Hazel, yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Shi ne mai tara mutane duk Lahadi da rana a ɗakin bayan wata mashaya, ya saka musu faifan da ba wanda ya taɓa ji, ya naɗa a kaset ya raba kyauta.

"Ni ne, yallaɓai," ya ce a hankali.

"Declan, a'a..."

"Yi shiru, masoyiyata."

Mista Ramsden ya dube shi tun daga takalmi har gashin kai.

"Shekara ashirin ina tsaronsa daga ƙura da rana, kai kuma ka karce shi a minti uku. Irinku ba masu tarin faifai ba ne, fara ce mai cinye gona! Fita. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana, ko a kusa da 'yata."

Declan ya sa hularsa ya fita.

Kwana shida Hazel ba ta iya buɗe littafi ba, ita da ko abinci take ci sai da littafi a gefe. Ita ce fa ta saci faifan ta ɓoye cikin rigar sanyinta. Ita ta roƙi Declan har da hawaye, shi kuma ya sayo sabuwar allura, ya wanke hannu sau biyu, ya saka sau ɗaya tak ya naɗa mata a kaset.

Tana da shekara biyu mahaifiyarta ta rasu. Hotonta ta sani, muryar ce ba ta taɓa ji ba.

Ranar Lahadi Rupert ya zo cin gasasshen nama, ya zauna a kujerar da ba wanda ya ba shi. Hazel ta ajiye rikoda kusa da kwanon dankali, ta danna.

Ganga ta fara, sai jita mai kaifi, sai muryar wata yarinya, siririya, tana ɗan karyewa a sama.

Cokali ya tsaya a hannun Mista Ramsden.

Rupert ya tuntsire da dariya. "Wannan ce waƙar? Haba! Shi ya sa ake barin irinsu a leda. Wace ce wannan mai muryar akuya?"

Sunan da ke jikin kwalin na fagen waƙa ne, ba sunanta na gaskiya ba. Rupert ya haddace lambar faifan da shekarar da aka buga shi, amma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar wace ce mawaƙiyar ba.

"Lorna ce," in ji Mista Ramsden. "Matata."

"Baba, ai ni..."

"Ban haife ka ba. Ga ƙofa can, kuma ka tafi da safarka."

Hazel ta bi shi da kallo har ya fice. "A sauka lafiya, likitan faifai!"

Waƙar ta zo ƙarshe, sai aka ji Lorna ta yi 'yar dariya kafin sautin ya yanke. Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu.

"Na manta tana wannan dariyar... Wallahi na manta."

"Ni na ɗauka, Baba," Hazel ta ce tana kuka. "Ba shi ba ne. Ina so in ji Mama ne kawai."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ina wannan ɗan iskan direban yake yanzu?"

"A mashaya... yau Lahadi."

Ya miƙe, ya zaro faifan daga ledarsa da hannunsa tsirara, maiƙon nama da komai.

"Ɗauko min kwat, 'yar lele."

Suna shiga ɗakin bayan mashayar kowa ya juyo. Declan ya miƙe zumbur, fuskarsa ta yi fari. Mista Ramsden ya miƙa masa faifan yana harararsa.

"Saka. Har yanzu fara ce kai, amma in za ka ɗauke min 'ya, gara ka fara gaida surukarka."

Declan ya dubi Hazel, ta gyaɗa kai tana share ido.

Ya sauke allurar a kan faifan.