Ranar Da Igiyar Havdis Ta Tsinke

A saman wani tsohon jirgin ruwa mai suna Havdis ne Eilif ya fara ganinta, tana durƙushe tana kankare tsatsa, kumatunta jajir don sanyi.

"Bawan Allah, ka taka min fenti," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sunniva ke nan, 'yar Kyaftin Torvald, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zaga tsibiran arewacin Norway da Havdis, ɗauke da fasinja da busasshen kifi da buhunan dankali. Yanzu jirgin ya tsufa, 'yan sa-kai ke lallaɓa shi a tashar garin. Shi kuwa Eilif injiniya ne, kamfanin da ke yanka tsofaffin jirage ya turo shi duba ƙarfen.

Duba ɗaya aka aiko shi, sai ga shi kullum da fulas ɗin kofi da burushin fenti. Wata rana ya turo mata saƙo ta waya:

"Sunnina, fenti ya ƙi fita daga hannuna, ke kuma kin ƙi fita daga raina."

"Na farkon ka sa kananzir. Na biyun ba shi da magani," ta mayar.

Da zancen ya kai kunnen Torvald sai ya buga tebur. "Mahauci zan ba 'yata? Wanda ya zo feɗe min jirgi?"

"Baba, ba haka yake ba."

"Na gama magana!"

Ana cikin haka Gaute, wani masunci da ya daɗe yana sonta, ya nuna mata hoton Eilif yana gaisawa da mai kamfanin. "Cinikin jirginku suka gama," in ji shi.

Nan take ta rubuta wa Eilif: "Kada ka ƙara taka Havdis."

Ya mayar mata: "Ajiye aikin na je yi, masoyiyata. Ki saurare ni."

Ba ta buɗe ba.

Ranar Asabar da rana guguwa ta taso. Sunniva da mahaifinta suna ciki suna ƙara ɗauri, igiyar gaba ta tsinke kamar harbin bindiga, ta baya ma ta tsinke. Jirgin ya fara ja zuwa duwatsu. Eilif, da ya zo ba ta haƙuri, ya sheƙo da gudu ya daka tsalle, da ƙyar ya kama ƙarfen gefe.

"Kyaftin, riƙe sitiyari! Sunniva, biyo ni!"

A ɗakin inji ruwa ya kai idon sawu. Ta haska masa, ya buɗe iskar tayar da inji. Injin ya yi tari ya mutu.

"Iskar ta kusa ƙarewa," ya ce. "In ya ƙi wannan karon, ki hau sama ki sa rigar ceto."

"Ba inda za ni ba tare da kai ba."

Ya sake ja. Injin ya girgiza, ya yi gurnani, ya kama. Suka ji jirgin yana juyawa, dutse na gogar gefensa, har ya kuɓuta.

Da suka fito, Torvald ya daɗe yana kallon hannun Eilif da ke zubar da jini.

"Ɗana, na yi maka mummunan zato," ya ce. "Gobe ka zo gida cin abinci."

Da bazara aka ɗaura auren a saman Havdis, gari ya cika tasha. Bayan fasto ya gama addu'a, Torvald ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Sunniva ta matse hannun mijinta, hawaye na bin fuskarta tana dariya.