Yarinyar da Ke Tsoron Mai Guduma

Akwai wata yarinya a ƙungiyar wasan tanis ta makarantarsu. Tana da saurin ƙafa, kuma ƙwallo ba ta cika wuce ta ba. Amma tana da wani sirri da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana tsoron ƙwallo mai ƙarfi.

Abin ya samo asali ne tun farkon shigarta ƙungiyar. A cikinsu akwai wata doguwar yarinya 'yar babban aji, ana ce mata Mai Guduma saboda ƙarfin bugunta. Wata rana ƙwallonta ta sami yarinyar nan a gefen ido. Idon ya kumbura, ya yi kwanaki kafin ya saɓe. Kumburi ya tafi, tsoro ya zauna.

Kullum da yamma malamin wasanni yakan ce, "Kowa ta zaɓi abokiyar gwaji."

Kafin ya rufe baki, yarinyar nan ta riga ta kama hannun wata 'yar ƙaramin aji. Ai kuwa sai ta yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Idan ta hango Mai Guduma ta nufo ta, nan da nan igiyar takalminta za ta kwance, ko ƙishirwa ta kama ta.

A gida kuwa baki har kunne.

"Baba, yau ma ni na ci," in ji ta.

"Madalla. Da wa kika kara?"

"Da wata dai," ta ce, ta shige ɗaki da sauri.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata yamma malam ya tara su a bakin raga.

"Za mu kara da wata makaranta," ya ce. Ya nuna ta da yatsa. "Ke ce za ki fara shiga. Na ga ba a cika cinye ki ba."

'Yan ƙungiya suka tafa mata.

Ranar gasa ta zo. Abokiyar karawarta ta shigo fili tana juya raket, abin buga ƙwallo, a hannu. Ba ta kai Mai Guduma tsawo ba, amma damtsenta ya fi nata kauri. A irin wannan gasa akan ɗan yi gwaji kafin a fara. Tun daga gwajin yarinyar ta ji ƙarar ƙwallon, ta gane bugun mai ƙarfi ne.

Aka fara. Waccan ta cilla ƙwallo sama ta maka mata raket. Yarinyar ta runtse ido ta kau da kai. Ƙwallo ta wuce ta bugi wayar shinge.

Ta biyu ma haka. A ta uku har tsugunnawa ta yi, ta kare fuska da raket. Wasu 'yan kallo suka yi dariya. Ta kalli ƙofar fili, ta ji kamar ta zura da gudu.

Abokiyar karawar ta gane ta sarai. Sai ta daina buga ƙwallo gefe, ta riƙa auno jikinta. Wasa bai daɗe ba ya ƙare, an yi mata cin kaca. Makarantarsu ta sha kashi da ɗan bambanci kaɗan, kuma kowa ya san inda aka yi asarar.

Suka hau motar komawa. Da za su sauka, malam ya ce, "Ki same ni gobe kafin gwaji."

Ta iso gida jiki a sanyaye. Mamarta ta ajiye mata abinci, ta kasa ci.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Mama, korata za a yi daga ƙungiya." Sai ta fashe da kuka. Ta kwashe komai ta gaya mata, har da igiyar takalmin da take kwancewa da gangan.

Mama ta jawo ta jikinta. "Tsoro ba laifi ba ne. Ɓoye shi ne ya jawo miki wannan. Gobe ki gaya wa malaminku yadda kika gaya mini."

"In ya kore ni fa?"

"In ma ya kore ki, kin dai faɗi gaskiya. Ci abincinki, kuka ba ya tare ƙwallo."

Washegari ta tarar da malam yana ɗaure raga. Ta faɗa masa komai. Ta zaci ta rasa wurinta.

"Ni ma da laifina," ya ce. "Na ƙirga cin da kike yi, ban duba wa kike ci ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai yara da yawa da ke son wurinki. Ƙarshen wata zan gwada ki. In har kina rufe ido, wata za ta maye gurbinki."

"Da wa zan kara, Malam?"

"Kin san ta."

Da aka ce kowa ta zaɓi abokiya, yarinyar ta taka zuwa wurin Mai Guduma.

"Yaya, za ki yi gwaji da ni?"

Mai Guduma ta yi dariya. "Yau igiyar takalmi ba ta kwance ba? Ni fa na zaci haushina kike ji tun ranar idon nan. Zo, a hankali za mu fara."

Suka fara a hankali. Mai Guduma ta nuna mata ta ɗan ja baya, ta durƙusa kaɗan, ta zuba wa ƙwallo ido tun daga hannun mai bugu. Kullum ana ƙara ƙarfi. Kullum ana cinye ta. Wata rana ma ƙwallo ta same ta a cinya. Ta ji zafi, ta duba, ta ga ashe ba ta mutu ba.

Ranar gwajin malam, tsoron bai tafi duka ba. Mai Guduma ta cilla ƙwallo sama ta doka da iyakar ƙarfinta. Yarinyar ta ji idonta na son rufewa, ta ƙi. Ta kai raket. Ƙwallo ta koma, ta tsallake raga, ta faɗa cikin layi.

Mai Guduma ce ta ci wasan, amma sai da ta yi gumi.

Malam ya ce, "Wurinki na nan. Yau an cinye ki, amma wasanki na yau ya fi na duk ranakun da kika ci."

Da yamma Baba ya tambaye ta, ta ce, "An cinye ni, Baba, kuma ina cikin ƙungiya." Ta ci abinci har da ƙari.

Daga ranar ta gane cewa mai son ya ƙware ba ya gudun wanda ya fi shi. Kuma idan tsoro ya kama yaro, ya gaya wa manya tun da wuri, domin su taimake shi.